Matasa da Kashe Kai: Darasin da ke Cikin Gwajin Jihohin Amurka

Ranar 8 ga watan Satumba na shekarar 2003, ana gobe zai cika shekara 22 da haihuwa, wani ɗalibi mai suna Garrett Lee Smith ya kashe kansa a jihar Utah ta ƙasar Amurka, bayan ya daɗe yana fama da ciwon tsananin damuwa. Mahaifinsa, Gordon Smith, Sanata ne a lokacin, yana wakiltar jihar Oregon. Mutum mai irin wannan matsayi ba ya rasa hanyar rufe zance in ya ga dama, amma sai ya ƙi rufewa. A watan Yuli na 2004 ya miƙe a zauren Majalisar Dattawa ya ba da labarin ɗansa, kuka na neman cin ƙarfinsa. Da ya zauna, Sanata Harry Reid na jihar Nevada ya tashi ya ce shi ma ta wannan hanya mahaifinsa ya rasu a 1972. Ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan wata doka mai ɗauke da sunan yaron, wadda ta amince a kashe dala miliyan 82 cikin shekara uku domin kare matasa daga kashe kansu.

Kafin in yi nisa, bari in daidaita wata kalma. A Hausa idan an ce kisan kai, ana nufin wani ya kashe wani. Abin da nake magana a kansa shi ne mutum ya hallaka kansa da kansa, saboda haka zan riƙa cewa kashe kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum 727,000 suka mutu ta wannan hanya, kuma a tsakanin masu shekara 15 zuwa 29 ita ce ta uku a jerin abubuwan da suka fi ɗaukar rayuka. Kashi 73 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suka auku. Duk wanda ya ce wannan cutar Turawa ce, bai duba lissafin ba. Abin da ya bambanta mu da su shi ne rufin asiri. A nan idan abin ya faru sai a ce gajeruwar rashin lafiya ce, a yi jana'iza, a watse. Ban ga laifin iyayen da suka yi haka ba, domin sun san abin da bakin mutane zai yi musu. Sai dai abin da ba a ƙirga ba, da wuya a ware masa ko kwabo a kasafin kuɗi.

Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne cewa kowace jiha a ƙasar nan tana bukatar tsari ɗaya da zai ɗaure makaranta da asibiti da unguwa wuri guda a kan wannan al'amari, kuma ya zama tsari mai ɗorewa, wanda ba ya ƙarewa ranar da aka naɗe tabarmar taro.

Abin da dokar ta tanada

Dokar ta 2004 ba ta gina sabon asibiti ko ɗaya ba. Kuɗin ana ba da su ne ga jihohi da ƙabilun asali na Amurka da kuma manyan makarantu, ta hannun wata hukumar tarayya mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, wadda ake kira SAMHSA. Ana sa ran jihar da ta karɓa ta tara dukkan wuraren da matasa 'yan shekara 10 zuwa 24 suke bi a rayuwarsu, watau makarantu, da kotunan yara da gidajen horonsu, da masu riƙon yaran da ba sa hannun iyayensu, da cibiyoyin masu shaye-shaye, da asibitoci, su tsara aiki guda. An kuma gindaya sharaɗi cewa aƙalla kashi 85 cikin 100 na kuɗin a kan aikin kansa za a kashe su. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi, domin wanda ya rubuta shi ya san halin ofis.

Babban aikin da jihohin suka yi da kuɗin shi ne horar da waɗanda suke kira masu tsaron ƙofa. Ana nufin duk babban da yaro ke gani kullum, kamar malamin aji, da mai horar da 'yan wasa, da ɗan sanda, da shugaban addini. Ɗaya daga cikin darussan da suka fi yaɗuwa bai wuce na awa ɗaya zuwa biyu ba, kuma matakai uku kawai yake koyarwa: ka tambayi yaron kai tsaye, ka lallashe shi ya yarda a taimake shi, ka kai shi hannun wanda ya san aikin. Ba a neman malamin lissafi ya zama likita. Ana so ne ya gane alama, kada kuma ya kau da kai.

To, abin ya yi amfani? A 2015 masu bincike suka kwatanta gundumomin da aka yi wannan horo da wasu masu kama da su waɗanda ba a yi ba. A shekarar da ta biyo bayan horon, mutuwar matasa ta wannan hanya ta ragu da 1.33 a cikin kowane 100,000 a inda aka yi horon. Wani binciken na wannan shekara ya ƙiyasta cewa an kauce wa yunƙurin kashe kai fiye da 79,000 tsakanin 2008 da 2011. Adadin farko zai yi wa mai karatu kama da ɗan kaɗan, amma in aka tuna cewa matasan da ke mutuwa haka a Amurka a wancan lokaci ba su kai 10 a cikin 100,000 ba, za a ga ragi ne mai kauri.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Dukkan binciken biyu sun tarar cewa bayan shekara ɗaya bambancin ya dushe, gundumar da aka horar ta koma daidai da wadda ba a horar ba. A 2019 aka sake duba lissafin shekara goma, daga 2006 zuwa 2015, sai aka ga amfanin yana iya kaiwa shekara biyu, daga nan ya ɓace. Inda aka ci gaba da aikin shekara bayan shekara, amfanin ya fi girma, ya kuma fi daɗewa. Wani abin lura gare mu shi ne cewa a yankunan karkara ragin ya fi yawa. Dalilin dushewar ba ya bukatar dogon nazari. Malamai suna mantuwa, ana yi musu canjin wurin aiki, wasu su yi ritaya, sababbin ɗalibai su shigo, lambar wayar da aka rarraba ta daina shiga.

Adalci ne in faɗi cewa waɗannan ba gwaje-gwaje ba ne irin na ɗakin bincike, inda ƙuri'a ke zaɓen wanda za a ba magani da wanda ba za a ba. Kwatance ne na gundumomi, kuma kwatance yana iya ruɗar mutum. Bugu da ƙari, a faɗin Amurka baki ɗaya adadin bai sauka ba. Daga 6.8 a cikin 100,000 a 2007 ya hau zuwa 11.0 a 2021 a tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 24. Shirin ya rage ɓarna a inda ya kai da lokacin da yake tafiya, iyakar abin da za a ce ke nan.

Abin da ƙwaƙwalwar matashi ke ciki

A nan ne ilmin halittu, wanda shi ne fagena, yake da abin cewa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta nuna gaba ɗaya a lokaci guda. Sassan da ke can ciki, waɗanda ke kula da tsoro da fushi da sha'awa da jin kunya, irin su amigdala, suna ƙarfafa da wuri, musamman da zarar an balaga. Shi kuwa sashen gaba, wanda ke bayan goshi, mai aikin auna sakamako da danne zuciya da tunanin gobe, yana ci gaba da gyara hanyoyin jijiyoyinsa har wajen shekara 25. Ɗalibin aji biyar na sakandare kamar doki ne mai ƙarfi wanda ba a gama ɗinka wa linzami ba. Wannan ba aibu ba ne, domin shi ne ke ba matashi ƙarfin halin koyon sabon abu da fita neman na kansa. Amma shi ne kuma ya sa wulaƙancin da babba zai haɗiye ya kwana, yaro yake ganinsa tamkar duniya ta ƙare.

Idan mutum ya shiga tashin hankali, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda, su saki wani sinadari mai suna kotisol. Na ɗan lokaci yana da amfani, shi ke shirya jiki ya fuskanci haɗari. In ya daɗe yana kwarara, saboda duka ko yunwa ko fargaba ko cin zarafi na yau da gobe, sai ya ɓata barci, ya raunana natsuwa, tunani ya ƙuntata har mutum ya daina ganin wata mafita. Ƙwayoyi irin su tiramol da kodin, waɗanda suka addabi garuruwanmu har gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018, suna ƙara sassauta ɗan linzamin da ya rage. Kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna fara nuna alama kafin a wuce shekara 14, watau yaro yana hannunmu a ƙaramar sakandare. Ba kasafai abu ɗaya ke kai mutum ga kashe kansa ba. Faɗuwa jarrabawa ko auren da ba a so ko tozarci a waya yakan zo ne ya tarar da bango ya riga ya tsage.

Abu mafi muhimmanci da bincike ya gano, a ganina, shi ne gajartar lokacin. A wani nazari da aka buga a 2001, an tambayi mutum 153 'yan shekara 13 zuwa 34 a birnin Houston, waɗanda suka yi mummunan yunƙuri amma Allah ya yi da sauran kwanansu. Kashi 24 cikin 100 suka ce tsakanin yanke shawara da aikatawa bai kai minti biyar ba. Nazarce-nazarce da dama sun kuma nuna cewa kimanin tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba. Guguwa ce, tana tasowa tana wucewa. Zancen da ake yi cewa wanda ya yi niyya ba a iya hana shi, ba gaskiya ba ne.

Ƙasar Siri Lanka ta tabbatar da haka. A 1995 tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu kashe kansu a duniya, galibi manoma da 'ya'yansu, ta hanyar magungunan ƙwari masu tsananin guba da ke ajiye a kowane gida. Gwamnati ta bi mafi haɗarinsu tana haramtawa kashi-kashi, daga 1984 har zuwa 2011. Tsakanin 1995 da 2015 adadin ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100, an ƙiyasta rayuka 93,000 suka tsira, amfanin gona kuma bai ragu saboda haka ba. Baƙin ciki bai ƙare a Siri Lanka ba, abin da ya faru shi ne a cikin mintocin nan biyar hannu bai kai ga abin da ba ya jinkiri ba. A duniya, wajen ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu da maganin ƙwari ne. A Nijeriya hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a kasuwanni da kantuna a 2019 (da gangan na ƙi ambaton sunansa, ina kuma roƙon 'yan jarida su yi haka). Duk wanda ya san gidajenmu na karkara ya san inda ake ajiye maganin feshi, a ƙarƙashin gado ko a kan dangar ɗaki. Shi ya sa nake ganin malamin gona da mai sayar da maganin feshi suna da kujera a wannan zama, daidai da likita.

Ɗalibai da kansu

Akwai wani gwaji daga Turai da ya kamata ya sa mu malamai mu rage jin kai. An buga sakamakonsa a 2015. An ɗauki ɗalibai 11,110, akasarinsu 'yan shekara 15, a makarantu 168 na ƙasashe 10, aka raba makarantun kashi huɗu ta hanyar ƙuri'a. A kashi na farko an horar da malamai su zama masu tsaron ƙofa. A na biyu ƙwararru suka tantance ɗalibai da takardar tambayoyi. A na uku aka zauna da ɗaliban kansu na awa biyar cikin mako huɗu, suna tattaunawa suna ɗan wasan kwaikwayo a kan yadda za su yi da damuwa, da yadda za su yi in aboki ya shiga wani hali. Na huɗu aka bar shi don kwatance. Bayan wata 12, a kashi na uku ɗalibai 14 suka yi sabon yunƙurin kashe kansu, a kashin kwatance kuwa 34. An rage da rabi ke nan. Horar da malamai kaɗai bai nuna wani bambanci da za a dogara da shi ba.

Ban ɗauki wannan a matsayin cewa horar da malamai ɓata lokaci ba ne. Abin da na fahimta shi ne, yaro ba malami yake fara gaya wa damuwarsa ba, abokinsa yake gaya wa, a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, ko a hanyar komawa gida. In abokin bai san abin yi ba, labarin ba zai taɓa isa ofishin malamai ba, komai horon da aka yi musu.

Na san fargabar da ke zukatan shugabannin makarantu da iyaye. Suna tsoron kada a cusa wa yaro tunanin da ba shi da shi. An gwada wannan ma. A 2005 aka buga wani bincike da aka yi da ɗalibai 2,342 a makarantun sakandare shida na jihar New York, inda aka yi wa rabinsu tambaya kai tsaye a kan tunanin kashe kai, rabi ba a yi musu ba. Waɗanda aka tambaya ba su fi sauran shiga damuwa ba, ba su fi su irin wannan tunani ba, har ma waɗanda suke cikin haɗari sun nuna ɗan sauƙi. Abin da ke yaɗa cutar shi ne bayyana yadda aka yi dalla-dalla, da yaɗa hoto da wasiƙar mamaci, kamar yadda muke gani a Facebook da WhatsApp duk lokacin da abin ya faru.

Misalin da ya fi burge ni a duk wannan tarihi daga wata ƙaramar al'umma ya fito, ƙabilar Apache ta White Mountain a jihar Arizona, wadda ta amfana da kuɗin wannan doka. A 2001, bayan matasansu sun yi ta mutuwa a jere, majalisar ƙabilar ta wajabta kai rahoton duk wani yunƙuri ko furucin kashe kai zuwa rajista guda. Daga baya, da taimakon masana daga Jami'ar Johns Hopkins, aka horar da 'yan ƙabilar, waɗanda ba likitoci ba ne, su riƙa bin kowane rahoto da ƙafa har gida, su zauna da yaron, su raka shi wurin magani. Dattawa suka shiga azuzuwa suna koyar da harshe da al'ada. Adadin ya sauka daga 40.0 a cikin 100,000 tsakanin 2001 da 2006 zuwa 24.7 tsakanin 2007 da 2012, ragin kashi 38 cikin 100, a lokacin da na sauran ƙasar bai sauka ba. A nan an san wanda zai gani, an san inda zai faɗa, an san wanda zai tashi ya je.

Mu fa?

Hujjar farko da za a kawo ita ce rashin ƙwararru, kuma hujja ce ta gaskiya. A farkon shekarun 2020 likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Yaron da ke wani ƙauye a Jigawa ko Zamfara, tsakaninsa da asibitin Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna akwai tafiya da kuɗin mota, akwai kuma tsoron a ce an kai shi gidan mahaukata. Amma wannan ƙasar ce ta koya wa duniya yadda ake aiki da ɗan abin da ke hannu. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiyar ƙwaƙwalwa a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwaji a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da masu addu'a wajen kula da masu taɓin hankali, marasa lafiyar kuma suka fi samun sauƙi. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin koya wa ma'aikatan ɗakin shan magani gane ciwon damuwa da haɗarin kashe kai da ba da taimakon farko.

Hujja ta biyu kuɗi ce: ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ina za a sa wannan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani gwaji a ƙasashe biyar, Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, da mutum 1,867 waɗanda aka kawo asibiti bayan yunƙuri. Rabinsu an yi musu magani an sallame su kamar yadda aka saba. Sauran an ƙara musu zaman bayani na awa ɗaya, sannan aka tuntuɓe su sau tara cikin wata 18, ta waya ko ziyara, ana tambayar yaya jiki. A kashin farko kashi 2.2 cikin 100 suka mutu ta hanyar kashe kai, a na biyu kashi 0.2. Mu da muka gaji gaisuwa da dubiya tun kaka da kakanni, bai kamata sai an zo daga waje an koya mana wannan ba. Abin da ya rage shi ne a ɗora wa wani takamaiman mutum nauyinsa, a rubuta, a kuma tambaye shi ko ya je.

Akwai kuma doka. Kundin Final Kod da aka kafa wa Jihar Arewa a 1959, wanda jihohinmu suka gada, ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, a sashe na 231. Kundin Kudu ma ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya a sashe na 327. Turawan Ingila, waɗanda suka bar mana irin wannan hukunci, sun soke nasu tun 1961. Jihar Legas a 2011 ta mayar da hukuncin ya zama umurnin kai mutum asibiti, Gana kuma ta soke laifin a 2023. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ba ta taɓa waɗannan sassa ba. Wasu za su ce ɗage hukunci tamkar halatta haram ne. Ni ban ga haka ba. Musulunci da Kiristanci duk sun haramta kashe kai, kuma wannan hani garkuwa ce da ta tsare mutane da yawa a daren da suka rasa madafa. Ba daga Final Kod haramcin ya samo ƙarfinsa ba. Abin da tsoron 'yan sanda ke haifarwa shi ne uwa ta tsaya tana ba ɗanta madara da manja a ɗaki maimakon ta garzaya da shi asibiti, malami kuma ya yi shiru don kada ya jawo wa ɗalibinsa shari'a. Tsarin Apache ba zai yiwu ba a inda rahoto ke iya zama ƙara.

Jiha ce matakin da ya dace da aikin, domin makarantun sakandare da manyan asibitoci da malaman gona da sarakuna duk a hannunta suke. Abin da nake gudu shi ne irin abin da muka saba gani: a kama ɗakin taro a otal, a buga ƙyalle, a raba jaka da alawus, a ɗauki hoto, a kira shi bita. Lissafin Amurka ya riga ya gaya mana cewa ko horo mai kyau shekara ɗaya zuwa biyu yake yi ya dushe. Saboda haka a sa shi cikin kasafin kowace shekara, a maimaita shi kowane zangon farko, a shigar da shi cikin darussan kwalejojin ilmi domin sabon malami ya fito da shi. Kowace makaranta ta san sunan ma'aikacin lafiyar da za ta kira, shi ma ya san likitan da zai kira. Liman da mai unguwa su san cewa bayan addu'a da nasiha akwai mataki na gaba. Awa biyar ɗin nan ta ɗalibai kuwa, malamin ba da shawara zai iya gudanar da ita da Hausa, in an cire masa wasu darussan da aka jibga masa don cike gurbi.

'Yan'uwana malamai, akwai abin da ba ya jiran gwamna. Kiran sunan yaro a gaban taron asambale don bashin kuɗin makaranta, ko karanta wasiƙar yarinya a gaban aji, ko aske kai don a yi dariya, mu daina. Mun ga yadda ƙwaƙwalwar ɗan shekara 15 take ɗaukar kunya. Horo yana yiwuwa ba tare da tozarci ba.

Ku kuma ɗalibai, labarin zuciya a tambayi fuska. Kun fi kowa sanin wanda ya daina cin abinci, ya daina fira, ya janye daga ƙwallon da yake so. Mun saba jin "gara in mutu in huta" a bakin wanda ya gaji, har mun daina jin nauyinta. Idan ta fito daga wanda ya canza, ko ya fara rarraba kayansa, ko yana bin mutane yana neman gafara ba tafiya zai yi ba, ko yana cewa ya zame wa iyayensa nauyi, to ku ja shi gefe ku tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Kada ku yi masa wa'azin wuta, kada ku yi dariya, ku bar shi ya yi magana. In ya ce ku rantse ba za ku faɗa ba, kada ku rantse, in kuma kun riga kun yi, ku faɗa duk da haka, fushinsa na mako ɗaya abu ne mai sauƙi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya je ya kira malamin ɗakin kwana ko uwar ɗalibai ko wani babba da kuka amince da shi, ko da tsakar dare ne. In ya riga ya sha wani abu, asibiti za a nufa nan take, a tafi da kwalbar don likita ya gani, kada a tsaya sa shi amai. In kuwa kai ne mai karatu kake cikin wannan hali, ka gaya wa mutum ɗaya yau, in bai saurare ka ba ka gaya wa na biyu.